Sojojin Dalma da Aka Kwashe Daga Fagen Waterloo



Yau za mu leƙa wata sha'awa da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, wato haɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi da jiragen sama da sojoji, a yi musu fenti har su zama kamar na gasken ne aka ƙanƙance. A Turai da Amurka da Japan akwai magidanta masu furfura da ke shafe watanni a kan tanka guda wadda tsawonta bai wuce taƙi ba. Duk wanda ya taɓa feƙe karan dawa ya yi mota yana yaro ya san daɗin abin. Sai dai su waɗannan sun kai shi inda ake musu a kan launin fenti, da yawan ƙusoshi, da wanda za a sa a fage da wanda za a bari a waje. Musun nan kuwa ba yau aka fara shi ba.

Ranar Lahadi 18 ga Yuni, 1815, aka gwabza yaƙin Waterloo a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Napoleon na Faransa yana da mutum kusan 72,000. Wellington, kwamandan Birtaniya, yana da kusan 68,000, kuma fiye da rabinsu ba 'yan Birtaniya ba ne, Jamusawa ne da mutanen Holan da Beljiyam. Da la'asar sai ga rundunar Furusiya, wata daular Jamusawa mai fada a Balin, ƙarƙashin tsohon janar Blücher. Suka afka wa Faransawa ta gefen damansu, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi a ƙauyen Plancenoit. Kafin dare, mutanen Furusiya kusan 50,000 sun shiga fagen. Napoleon ya sha kashi, daga nan mulkinsa bai sake tashi ba.

Bayan shekara 15, a 1830, babban kwamandan sojan Birtaniya, Lord Hill, ya ba wani hafsa mai suna William Siborne aikin ƙera samfurin wannan fage. Siborne bai halarci yaƙin ba, amma gwani ne na safiyo da zanen taswira. Ya tattara ya tafi Waterloo, ya sauka a gidan gonar La Haye Sainte, wanda a ranar yaƙin aka zubar da jini a kansa sosai, ya yi wata takwas yana auna kowane tudu da kwari da shinge. Da ya gama da ƙasa sai ya koma kan mutane. Samfuri ba fim ba ne, ba ya motsi, dole mai yinsa ya zaɓi lokaci guda ya tsayar da shi. Siborne ya zaɓi misalin ƙarfe 7 na yamma (a can Turai a watan Yuni rana tana nan a wannan lokaci), sa'ar da Napoleon ya tura zaratan dogaransa a hari na ƙarshe. Ya aika wa hafsoshin da suka rage a raye takarda yana tambayar kowa: a wannan sa'a ina rundunarka take, wa ke gabanka? Har abin da aka shuka a gonakin sai da ya tambaya. Amsoshi kusan 700 suka dawo masa. Ya kuma yi musayar wasiƙu da hedikwatar sojan Furusiya, kuma a nan ne ya taro wa kansa faɗa.

Shaidun da ya tara sun nuna masa cewa a ƙarfe 7 mutanen Furusiya sun riga sun yi nisa a cikin yaƙin, sun janye wa Napoleon dubban sojojin da da Wellington za su fuskanta. Rahoton da Wellington ya aika Landan bayan yaƙin ya yaba wa taimakon Furusiya, amma hoton da ya zauna a zukatan mutanen Ingila shi ne na sojojinsu sun tsaya daram tun safe, baƙi kuwa sun zo ne an kusa gamawa. To ga wani ƙaramin hafsa zai shimfiɗa akasin haka a kan tebur, inda ko wanda bai iya karatu ba zai gani. Littafi ana iya musanta shi da littafi. Amma gani ya kori ji.

Gwamnati ta daina ba da kuɗin aikin tun kafin a je ko'ina. Siborne ya ci gaba da aljihunsa da bashi da gudummawar wasu hafsoshi. A 1838 ya kammala: fili mai faɗin murabba'in ƙafa 400 da 'yan kai, ɗauke da mutum-mutumin dalma sama da 70,000, kowanne tsayinsa kamar santimita 1, kowanne da fentin kayan rundunarsa. Aka baje shi a wani zauren nuni da ake kira Egyptian Hall a Landan, mutane kusan 100,000 suka biya sule ɗai-ɗai suka kalla, amma bashin bai biyu ba. Wellington, wanda ya taɓa cewa rubuta tarihin yaƙi kamar rubuta tarihin taron rawa ne, kowa da ɗan abin da ya tuna, bai sa wa aikin albarka ba. Shi a wajensa an sa 'yan Furusiya inda ba su kai ba a wannan sa'a.

Daga ƙarshe Siborne ya sunkuya. Ya sa hannu ya kwashe mutum-mutumin da ke wakiltar sojan Furusiya kusan 40,000 daga kan teburin, da fatan gwamnati ta sayi aikin ya huta. Ba ta saya ba. Ya rasu a 1849. Masana tarihi har gobe suna jayayya ko Wellington ya shirya masa maƙarƙashiya ne, kamar yadda Peter Hofschröer ya kafe a littafinsa na 2004, ko kuwa saɓanin fahimta ne a kan sa'a da wuri. Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mutumin da ya yi wata takwas yana auna gona don kada ya yi kuskuren taku ɗaya, shi ne da hannunsa ya share runduna guda. Samfurin yana nan a gidan tarihin soja na National Army Museum a Landan. Wasiƙun kuwa, ɗansa ya buga wasu daga ciki a 1891, kuma har yau duk mai rubutu a kan Waterloo sai ya bi ta kansu.

Ko ba a matsa masa ba, akwai ƙaryar da sana'ar kanta ta tilasta masa. Ya auna ƙasa a kan ƙafa 9 ga kowane mil. Da zai yi mutane a wannan ma'auni, da sai an sa tabarau kafin a gan su. Don haka ya ƙara musu girma fiye da filin da suke tsaye a kai, ya kuma sa mutum-mutumi ɗaya ya tsaya a madadin soja biyu.

Daga zamanin Siborne zuwa yau abin ya sauko daga hannun hafsoshi zuwa na yara da iyayensu. A 1893 kamfanin William Britain a Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, dalma kaɗan, farashi sauƙi. A 1932 aka fito da ƙananan jiragen katako na Skybirds a ma'aunin 1:72, kuma hikimar wannan lamba mai sauƙi ce: mutum mai tsayin ƙafa 6 zai koma inci 1 cif. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, wasan ya zama aikin ƙasa. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti, don koya wa masu harbo jirage bambanta na gida da na abokan gaba. In ka tsaya ƙafa 35 daga samfurin, daidai yake da ganin jirgin gaske daga kusan rabin mil. A nan kuskuren siffar fiffike yana iya sa a harbo ɗan uwa.

Bayan yaƙi roba ta karɓi fage. Kamfanin Airfix na Ingila ya riƙa sayar da jirage gunduwa-gunduwa a leda a shekarun 1950, yaro ya saya da kuɗin kashewarsa ya haɗa da gam. Tankoki kuwa Japan ce ta tsara musu hanya. Tamiya, wanda ya fara a matsayin kamfanin katako a Shizuoka a 1946, ya fitar da tankar Jamus samfurin Panther a farkon shekarun 1960, mai tafiya da ɗan inji. An yi girman cikinta ne daidai yadda zai ɗauki batir biyu, da aka auna daga baya sai aka ga ta faɗa a 1:35. Ma'aunin da yau duk duniya ke bi wajen tankoki, batir ne ya yanke shi, ba wani malamin lissafi ba. Daga baya Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin, ya riƙa zuwa gidajen tarihi irin na Bovington a Ingila da Aberdeen a Amurka da tef ɗin awo da kyamara, yana auna tankokin gaske.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Tanka sabuwa fil, mai launi ɗaya sumul, kamar abin wasan yara take. A shekarun 1970 Sheperd Paine a Amurka da François Verlinden a Beljiyam suka yaɗa dabarun da suka sauya wannan. Ana tsinka fenti mai duhu ya yi ruwa-ruwa, a bar shi ya gangara cikin lungu da tsagi ya zama inuwa. Sannan a ɗebo mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa a kan gefuna da kawunan ƙusoshi su fito. A bi da ƙura da taɓo da tsatsa da baƙin hayaƙi a bakin salansa. Har launin ma akan ɗan ƙara masa fari, domin abin da ido ya hango daga nesa yakan kodɗe, samfuri kuwa kullum kamar daga nesa ake kallonsa. Kuma dole mai fenti ya san kwanan wata. A Fabrairun 1943 ne Jamus ta bar toka-toka mai duhu ta koma rawaya mai duhu a motocin yaƙinta. Wani kauri mai kama da yaɓen siminti da ake kira Zimmerit, wanda ake shafa wa tanka don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, an daina shi a Satumban 1944. Wanda ya sa shi a tankar da aka ƙera bayan nan, zai sha surutu a wurin gasa. Su kansu masu sha'awar suna yi wa irin waɗannan masu bin ƙwaƙƙwafi laƙabi da masu ƙirga ƙusa.

Amma mu tsaya mu dubi kantar mai sayar da kayan nan gaba ɗaya, ba tanka ɗaya ba. Jamus ta ƙera Tiger I guda 1,347 kacal. Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000, Tarayyar Sobiyet kuma T-34 sama da 50,000 a lokacin yaƙin. Duk da haka Tiger ce sarauniyar kwalaye, kamfani bayan kamfani sai ya fitar da tasa. Rundunar Hitler da dawakai ta yi yawancin jigilarta, sama da miliyan 2 da rabi ta yi amfani da su, akasarin sojanta kuma a ƙafa suka shiga Rasha. Wanda ya koyi tarihi daga kwalaye zai ɗauka kowane Bajamushe a cikin sulke ya je. A fagagen da ake ginawa za ka ga soja yana shan shayi a gindin tanka, ko yana duba taswira, ko yana gyaran sarƙa. Da wuya ka ga ƙauyen da aka ƙone da mutanensa. Ko tambarin 'yan Nazi akan cire daga kwalaye da yawa, saboda dokar Jamus ta hana baje shi, sai jirgin ya fito da wutsiya fayau kamar ba na kowa ba. Kowace ƙusa tana wurinta, amma hoton gaba ɗaya ya karkace. Babu wani Wellington da ya ba da umarni a nan, kasuwa ce kawai take zuba abin da ake saye.

A cikin waɗanda ba su samu shiga kwali sosai ba har da namu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ta kasance harshen bariki ga da yawa daga cikinsu, sun yi yaƙi da Japan a Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, a 1944 da 1945. Bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba, sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi har yau. Dajin da suka ratsa mota ba ta shiga, don haka daga sama ake jefo musu abinci da harsashi, dubban 'yan dako na rundunar kuma su ɗauka a ka su hau duwatsu. Ba tanka, ba sulke, ba abin da zai yi kyau a bangon kwali. Mai son gina wannan fage a yau yakan sayi sojojin Birtaniya ko na Ostireliya masu hular daji, ya yanke kawunan ya sauya, ya kankare abin da bai dace ba da reza, sannan ya murza ɗan ƙullin gam mai daskarewa ya yi gammo da akwatin harsashi, ya ɗora wa mutumin da tsayinsa bai wuce santimita 5 ba.