Mota a Birnin Zazzau: Ciniki, Gyara da Alhakin Hanya

Gabatarwa

Birnin Zazzau ba don mota aka gina shi ba. Ganuwar da ta kewaye shi, mai tsawon kusan mil goma, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, duk an tsara su ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mahayin doki. Lungunan unguwanni kuwa, da yawansu faɗinsu bai wuce inda jaki da mangala zai ratsa ba. Amma ga shi yau mota ta zama 'yar gida a birnin. Wannan lacca za ta bi tarihin zamanta ta fuskoki uku, watau saye da gyara da kiyaye haɗari. Abin da za ta nuna shi ne, Zazzagawa sun karɓi mota da al'adu da hukunce-hukuncen da suka gada game da doki. Biyu daga cikinsu sun bi mota, na ukun, wanda ya shafi rai, shi aka bari a baya.

Zuwan Baƙuwa

Turawa sun kama Zazzau a 1902, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Zariya ta zarce Kano a 1911. Girman abin ya sa Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya tsara Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa ta. Tashar jirgi a bayan ganuwa aka kafa ta, a ƙetaren Kubanni, kuma a nan kantunan Turawa da injin gurzar auduga da Sabon Gari suka tsiro. Mota jirgi ta biyo. Manyan motoci su ne suka riƙa kwaso auduga da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tasha, ƙanana kuwa na Razdan ne da Di'o, sa'an nan Sarki da hakimai da attajirai.

Sakamakon haka shi ne, duk abin da mota ke bukata a waje ya zauna: mai sayar da ita, da gidan mai, da gareji, da ofishin lasin. Harshe ma ya ba da shaida, domin sitiyari da birki da giya da taya da direba duk aro ne daga Ingilishi. Amma Bahaushe bai bar aron yadda ya same shi ba. Ya ji kalmar makaniki, ya mai da ita bakanike, ya yi mata jam'i kanikawa, kamar dai Bakano da Kanawa. Yaron da ke bin direba kuma ya raɗa masa karen mota. Yadda aka yi wa kalmomin, haka aka yi wa motar kanta: aka cusa ta cikin tsarin da ake da shi.

Ciniki

Tun kafin mota, cinikin dabba yana da ƙa'idoji. Akwai dillali mai karɓar la'ada, akwai tayi da albarka da sallamawa a gaban shaidu, mai saye kuma ya kan zo da masani ya duba haƙoran doki da ƙafafunsa. Bayan al'ada akwai shari'a. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na goma, wanda ake karantarwa a zaurukan malamai na unguwanni irin su Juma da Kona, ya bai wa mai saye damar mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Cikin shekarun 1970 kamar an rabu da wannan tsari. Kuɗin man fetur sun shigo, an biya ma'aikata ƙarin Udoji a farkon 1975, ga kuma bashin mota ga manyan ma'aikata. Zariya ta cika da irin waɗannan ma'aikata, musamman bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1975 ɗin ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kimanin kilomita 80 daga Zariya, sai Fijo 404 da 504 suka zama motocin gari. Malamin makaranta ya kan sayi sabuwa dal daga wakilin kamfani, da rasit da garanti, ba ruwansa da dillali.

Wannan zamani bai daɗe ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, amma bayan da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, kafin 1987 ta ƙare sai da naira huɗu ake samun dala. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano, a ratso da su ta Jamhuriyar Nijar, su biyo ta Maraɗi da Jibiya. Da 'yar Kwatano ta shigo, dillali ya dawo, da la'adarsa da shaidunsa, bakanike kuma ya maye gurbin mai duba haƙori: ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa bodi ko an taɓa yin haɗari an rufe da fenti.

Inda tsohon tsarin ya gaza shi ne takarda. Doki ba shi da takardar kwastan, mota kuwa tana da ita, kuma daga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Mutum zai iya sayen mota lafiyayya a hannun amintacce, a kama ta a hanya don ba a biya mata haraji ba, ko don lambar shasinta ba ta dace da ta takarda ba. Wannan ma aibi ne ɓoyayye, ko da yake ba a jin sa a ƙarar inji.

Gyara

Haka gyara ya bi sawun tsofaffin sana'o'i. Kamar yadda ake kai yaro maƙera ko marina, haka ake kai shi gareji a damƙa wa maigida. Ya fara da wankin sifana da miƙa kaya, ya kai ga kwance taya, ya yi shekaru kafin a bar shi ya buɗe inji, daga bisani a yaye shi ya kafa tasa rumfar. Sana'ar ta rarrabu, akwai bakanike, da mai faci, da mai walda, da mai gyaran bodi, da mai harkar waya. A nan ma fiƙihun Malikiyya yana da magana, domin ya ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya keɓanta da su, idan suka salwanta a hannunsa. Abin da ya sa har yau ake cewa an ba bakanike amanar mota ke nan.

Fijo ta dace da wannan irin koyo, saboda ciwonta a fili yake. Kafireta ce ko fulogi ko lagireto, kunne da ido sun isa. Motocin da suka biyo baya suna da ƙwaƙwalwa mai sarrafa mai da wuta, wadda sai an jona mata na'ura take faɗin abin da ke damunta. Bakaniken da ba shi da na'urar sai ya shiga canke, a sauya wannan a sauya wancan, kuɗin kuwa daga aljihun mai mota. Abin lura shi ne, tun 1986 aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya, a hanyar Basawa. Tsakaninta da rumfar bakanike tafiyar 'yan mintoci ce, kuma haɗa ilmin aji da gwanintar hannu shi ne abin da sana'ar ta fi bukata.

Alhakin Hanya

Game da hanya ma magabata ba su yi shiru ba. Risala ɗin nan ta hukunta cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta su ke da lamunin abin da ta taka. A birnin da, hukuncin yana da haƙora, domin kowa ya san dokin wane ne, ga mai unguwa kusa, ga alƙali. Sukuwa ma tana da wurinta da lokacinta, watau ƙofar fada ranar hawa.

Wannan hukunci bai bi mota ba. Dokar hanya ta 1947 da Ingilishi aka rubuta ta, kuma ta zo cikin tsarin shari'ar Turawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama, a 1988 kuma aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Duk waɗannan matakai sun yi amfani, amma ƙarfinsu a manyan tituna yake, irin na Kaduna zuwa Kano. Lungu ya zama ba shi da mai tsaro, tsohon ya tafi, sabon bai shigo ba.

Gurbin sai aka cike shi da kalmar ƙaddara. In mota ta buge yaro, dattawa su taru, a ce an yafe. Yafiya abin yabo ce, amma a shari'a sai haƙƙi ya tabbata ake yafe shi, kuma ko an yafe diyyar kisan kuskure, kaffara tana nan a wuyan wanda ya yi. Inshorar da doka ta wajabta tun dokar 1945, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a 2023, manufarta biyan wanda aka yi wa ɓarna, amma da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa 'yan sanda kurum.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace gwargwadon jama'arta. Lissafin kuwa a bayyane yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafa ta kai ga birki, mai gudun 30 kuwa mita 8. In gudu ya ninka, nisan da birki ke bukata ya kan ninka sau huɗu. Doka ta yarda da kilomita 50 a cikin gari, amma ba a auna wannan da lungun da ƙofar zaure ke buɗewa kai tsaye a kan hanya ba, inda almajirai da 'yan talla da 'yan makaranta ke fitowa ba zato. Don irin waɗannan wurare ne taron Stockholm na 2020 ya ba da shawarar kilomita 30. Ayarin rakiyar amarya da ke tsere a tsakiyar unguwa sukuwa ce ba a wurinta ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa birnin Zazzau bai rasa abin da zai tarbi mota da shi ba. Dillali ya koyi inji, saura ya koyi takarda. Bakanike ya gaji amana, saura ya sami na'ura. Alhakin hanya ne ke neman mai shi, kuma ba sai an je Abuja neman sa ba. Malamin zaure da ya zo kan babin lamunin mahayi yana iya gaya wa ɗalibansa cewa direba ma mahayi ne, haka mai babur da mai Keke Napep. Liman yana da mumbari, mai unguwa kuma ya san motar kowane gida kamar yadda kakansa ya san dokin kowane gida. Idan waɗannan uku suka tsaya a kan cewa gudu a lungu laifi ne tun kafin a buge kowa, to hukuncin da aka bari a baya ya cim ma mota.