Yadda Mai Aikin Gida Ta Hau Bango a Ƙasar Holan

A shekara ta 1566 tarzoma ta tashi a ƙasar Holan. Mutane suka shiga majami'u, suka farfasa siffofi, suka yayyaga zane-zane, suna cewa bautar gumaka ce. Daga baya majami'un masu bin koyarwar Kalbin suka zama farin bango kawai. Da ma ikilisiya ce babbar mai ba masu zane aiki. To, ina za su sami na tuwo?

Sai suka juya wajen kasuwa. A ƙarni na 17 fataucin jiragen ruwa ya arzuta Holan, har masu ƙaramin ƙarfi suka iya sayen zane. Wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, ya je Amsterdam a 1640, ya rubuta cewa har mahauta da maƙera da dukawa suna rataye zane a wurin sana'arsu.

Cikin abin da suka fi so akwai hoton zaman gida. Pieter de Hooch ya zana mata suna hidima a tsakar gida da aka share fes. Nicolaes Maes ya zana tsohuwa tana addu'a kafin cin abinci, kyanwa kuwa tana jan mayafin tebur. Wajen 1660 Johannes Vermeer na garin Delft ya zana baranya a ɗakin girki, ta naɗe hannun riga tana tsiyaya madara cikin kasko, ga gutsattsarin burodi a gabanta. Ba ta duban kowa, hankalinta duk yana kan aikinta. Tsawon zanen bai kai rabin mita ba, amma ya ba ta kwarjinin da a dā sarakuna da tsarkaka ake ba.

Vermeer ya rasu a 1675 yana da shekara 43, ya bar 'ya'ya 11 da tarin bashi. Matarsa ta ba mai gashin burodi zane biyu saboda bashin burodin da iyalin suka ci.

Zanen baranyar yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam tun 1908, ana kuma buga kwafinsa ana ratayewa a gidaje. Mai karatu, in ka gan shi, ka tuna da wadda ta dafa abincin da ka ci yau. Aikin da ba a yi wa kirari shi ke riƙe da gida.