Tarihin Warantin Binciken Gida

Warantin bincike takarda ce da alƙali ko majistare ke sa wa hannu, wadda ke ba ɗan sanda izinin shiga wurin da aka ambata domin neman abin da aka ambata. Wannan sharaɗi na ambaton wuri da kaya shi ne ƙashin bayan takardar, kuma ya kafu ne a Ingila cikin ƙarni na 18, lokacin da gwamnati ke takun-saƙa da marubutan jaridu.

A watan Nuwamba na 1762, sakataren gwamnati Lord Halifax ya tura manzannin sarki huɗu, Nathan Carrington na jagorantarsu, gidan wani marubuci mai suna John Entick a unguwar Stepney ta Landan. Sun shafe awa huɗu suna fasa akwatuna da durowa, suka yi awon gaba da takardunsa. Entick ya kai su ƙara bisa laifin keta masa gida, aka yanke masa diyyar fam 300. A 1765 alƙali Lord Camden ya tabbatar da cewa babu dokar da ta ba sakatare wannan iko, kuma duk ikon da ba a same shi cikin doka ba, hukuma ba ta da shi. Hukuncin ya yi nauyi ƙwarai, domin ya mayar da ma'aikacin sarki daidai da kowane mai kutse idan ba doka ce ta aike shi ba.

A Amurka ma, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallaka, jami'an kwastan na Ingila sun riƙa shiga gidaje da shaguna da takardun da ba su ambaci kowa ba. Lauya James Otis ya ƙalubalanci hakan a Boston a 1761, kuma gyara na huɗu ga tsarin mulkin ƙasar, na 1791, ya wajabta rantsuwa da ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba da waranti.

Najeriya ta gaji tsarin ta hannun Turawan mulkin mallaka. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Jihar Arewa, ta 1960, an ɗauko ta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya, kuma ta zo da tanadin da ya dace da gidan Bahaushe. Idan ɗakin da za a bincika na matar kulle ne, wajibi ne a sanar da ita tukuna, a ba ta damar kaucewa kafin maza su shiga. Mace ce kawai ke laluben jikin mace. Ana kuma neman mutum biyu masu mutunci daga unguwar su shaida binciken, a rubuta duk abin da aka ɗauka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ƙara kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, sai dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 suka sabunta ƙa'idojin.

Inda hanya ta rabu tsakanin Amurka da Najeriya shi ne makomar shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya. Kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Mapp ta 1961, ta hana kotunan jihohi karɓarta. Kotun ƙolin Najeriya kuwa, a shari'ar Musa Sadau ta 1968, ta karɓe ta muddin tana da alaƙa da tuhumar. Dokar shaida ta 2011 ta bar wa alƙali ya auna amfanin shaidar da girman keta dokar da aka yi wajen samo ta.