Madubi da Takobi a Teburin Zane

Darasin farko da ɗalibin zane kan ci karo da shi shi ne a jera masa kaya a kan tebur, a ce ya zana abin da idonsa ya gani. A wasu makarantu yanzu malami kan haɗa kayan da ake jingina wa mata da na maza, kamar madubi da takobi, domin ɗalibi ya lura da abin da al'ada ta ɗora musu. 

Makarantar zane ta sarkin Faransa, wadda aka kafa a 1648, ta jera nau'o'in zane daraja-daraja. Zanen tarihi, mai cike da siffar mutane, shi ne a sama. Zanen furanni da kwanuka da 'ya'yan itace kuwa a can ƙasa. Babu mai iya na sama sai ya koyi zana jikin mutum yana kallonsa, kuma an hana mata shiga wannan aji. Da aka kafa makarantar Landan a 1768, mata biyu na cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Amma da Johann Zoffany ya zana taron mambobin a ɗakin ajin, sai ya tsayar da mazan da ƙafafunsu, matan biyu kuma ya mayar da su hotuna rataye a bango. Sai a 1893 aka bar ɗalibai mata na wannan makaranta su zana namiji, shi ma da mayafi a ƙugu. Babbar makarantar Faris ba ta karɓi mata ba sai 1897.

Saboda haka tebur da kayansa suka zama rabon mata da yawa, suka kuwa ci moriyarsa. Rachel Ruysch ta Holan, wadda ta rasu a 1750, ta shahara da zanen furanni har sarakuna na neman aikinta. Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Clara Peeters, wadda a farkon ƙarni na 17 take ɓoye 'yar ƙaramar fuskarta a ƙyallin kofunan ƙarfen da ta zana. Wanda bai ƙura ido ba, ba zai gan ta ba.

Ɗalibin Hausa yana da tasa fitinar a nan, domin harshensa ya riga ya raba kaya jinsi biyu, kuma rabon nahawu bai bi na al'ada ba. Turmi namiji ne, alhali mata ke daka. Garma tamace ce, ga ta a kafaɗar manomi. In an ajiye maka su ka zana, sai ka fara da auna faɗin bakin turmin da tsawonsa, da inda haske ya faɗa a ƙotar garmar.