Mizanin Hikima: Yadda Malaman Da Suka Gwada Zinariya da Ruwa

Tun da aka fara ƙera zinariya ake yi mata algus, kuma tun daga lokacin masu mulki ke neman hanyar gane na gaske da na jabu. Sikeli kaɗai ba ya raba wannan gardama. Maƙerin da ya cire miskali ashirin na zinariya ya cike gurbinsu da miskali ashirin na azurfa zai dawo da kaya nauyinsu daidai da yadda ya karɓa. Goga kayan a dutsen gwaji kuwa bayansu kawai yake nunawa. In an ce a narkar a duba, an ɓata aikin.

Labarin da ya fi shahara kan wannan matsala na Arkimidis ne, masanin lissafi na birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekarar 212 kafin Miladiyya. An ce Sarki Hiyero na Biyu ya yi zargin an cakuɗa masa kambin zinariya da azurfa. Arkimidis ya shiga kwamin wanka, ya ga ruwa ya tumbatsa gwargwadon jikinsa, nan take ya gane cewa da ruwa za a iya auna girman abin da ba shi da siffa madaidaiciya. Tunda zinariya ta fi azurfa danƙarewa, wato ta fi ta nauyi idan girmansu ɗaya ne, kambin da aka cakuɗa zai zubar da ruwa fiye da curin zinariya zalla mai nauyinsa.

Labarin na da daɗi, amma ba a samu shi cikin littattafan Arkimidis ba. Bitrubiyus, maginin Rum, shi ya rubuta shi bayan kimanin shekara ɗari biyu, kuma lissafi ba ya goyon bayansa sosai. A ɗauka kambin giram 1000 ne. Kowace mililita ta zinariya giram 19.3 ce, ta azurfa kuwa 10.5. Zinariya zalla za ta ci gurbin mililita kusan 52. Idan an musanya giram 200 da azurfa, gurbin zai kai mililita 60 da rabi. Bambancin bai cika mililita tara ba. A cikin kwano mai faɗin baki santimita 20, wanda kambi zai iya nutsewa ciki, wannan ba zai ɗaga ruwa ko da sulusin milimita ba. Ɗigon da ya maƙale a gefen kwano ya isa ya rikita hukuncin. Galileyo ma ya yi shakkar labarin tun yana saurayi, ya rubuta ƴar maƙala a 1586 yana cewa da sikeli cikin ruwa ne Arkimidis zai fi yin aikin.

Dalilin Galileyo yana cikin littafin da Arkimidis ya rubuta da kansa kan abubuwan da ke yawo bisa ruwa. Matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi: duk mita goma da aka nutsa, ana ƙara matsi kusan daidai da na iskar da ke bisa kan mutum a bakin teku. Saboda haka ruwan da ke ƙarƙashin abin da aka tsoma yana tura shi sama da ƙarfin da ya fi wanda ruwan bisa ke danna shi ƙasa. Ratar da ke tsakanin matsin biyu daidai take da nauyin ruwan da abin ya ture. Kambin jabu ya fi girma da mililita kusan tara, don haka cikin ruwa zai fi curin zinariya sauƙi da giram kusan tara. Abin da ido ba ya iya gani a gefen kwano, harshen sikeli zai nuna shi ƙarara.

Waɗanda suka mayar da wannan ƙa'ida sana'ar awo ta haƙiƙa su ne malaman gabashin ƙasashen Musulunci. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khawarizm a 973, ya ƙera wani tulu mai faɗin gindi da siririn wuya, da ɗan bututu a gefen wuyan mai lanƙwasowa ƙasa. Sirantar wuyan ita ce dabarar, domin ta magance matsalar kwano mai faɗin baki. Yakan cika tulun har bakin bututu, ya jefa gutsattsarin ƙarfe ko dutse mai daraja ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ya fita ya zuba cikin tafin sikeli a auna shi. An lissafa sakamakon bisa miskali ɗari na kowane abu, miskalin nan dai da aka san shi a cinikin zinariyar Afirka ta Yamma. Miskali ɗari na zinariya ya ture ruwa miskali biyar da rubu'i. In aka raba, zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19.05, alhali awon yau 19.3 ne. Har wurin da lokacin gwajin an rubuta: Jurjaniyya ta Khawarizm, da ruwan kogin Jaihun, a farkon kaka. An yi haka ne saboda an san ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi.

Bayan kimanin ƙarni guda, a zamanin Sultan Sanjar na daular Saljuƙawa, wani masani mai suna al-Isfizari ya haɗa sikelin ruwa domin baitulmali. An ruwaito cewa ma'ajin sultan ya farfasa shi don tsoron kada ha'incinsa ya tonu, kuma baƙin cikin haka ne ya zama ajalin maƙerinsa. Ko riwayar ta yi ƙari, ta nuna cewa awon danƙarewa a lokacin zancen dukiya ne da amana.

Wanda ya gaji aikin shi ne Abdurrahman al-Khazini na birnin Marwa, a ƙasar Turkumenistan ta yau. Bawa ne ɗan asalin Rumawa, ubangijinsa ma'aji ne a Marwa, shi ya ilimantar da shi, daga gare shi kuma ya samo laƙabinsa. A 1121 ya kammala Kitab Mizan al-Hikma, ya sadaukar da shi ga Sanjar. Sikelinsa na da sanda mai tsawon kusan mita biyu da aka yi wa zane-zanen awo, da tafuka biyar: wani na rataye cikin ruwa, wasu ana zamar da su bisa sandar. Idan aka daidaita shi da zinariya zalla da azurfa zalla, sai a auna kayan da ake zargi a iska da kuma cikin ruwa, a karanta rabon kowane ƙarfe daga inda tafi ya tsaya, ba tare da an ƙwarzani kayan ba. Da shi ake bambance yaƙutu da gilashin da aka rina.

Al-Khazini bai ɓoye bashin da ake bin sa ba. Ya kawo aikin Arkimidis, da jadawalin al-Biruni, da maƙalar Umar Khayyam kan gano zinariya da azurfa a cikin gauraye. Ya kuma faɗi wani abu mai nisan hange, cewa iska ma tana ɗaga jiki kamar yadda ruwa ke yi, don haka nauyin da sikeli ke nunawa a sarari ya ɗan gaza nauyin abu na ainihi. Masu tarihin malamai sun ce mutum ne mai gudun duniya, har ya mayar wa sultan kyautar dinari dubu, yana mai cewa uku sun ishe shi shekara.

Mongolawa sun rushe Marwa a 1221, shekara ɗari cif bayan kammala littafin. Kwafe-kwafe kaɗan suka tsira. Nikolai Khanikof, jami'in jakadancin Rasha a Tabriz, ya samu ɗaya, ya buga sassansa tare da fassara a wata mujallar Amurka a 1860. Cikakken matanin Larabci kuwa an buga shi a Haidarabad ta Indiya a shekarar Hijira 1359.