Tazarar Albashin Malaman Makarantun Kurame da Makafi na Gwamnati a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi dokoki da yarjejeniyoyin da suka shafi albashin malamai daga 2004 zuwa 2024. Ta nuna cewa abin da ke yanke albashin malamin makarantar musamman shi ne asusun da ake biyan sa daga ciki, ba nauyin aikinsa ba.

Tushen tazarar

Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba ragamar ilimi tsakanin tarayya da jihohi, albashin malaman firamare kuma yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). Don haka malamai biyu da suka gama Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo a rana ɗaya, ɗaya ya samu aikin tarayya, ɗayan ya dawo makarantar jiha irin ta Tudun Maliki a Kano, kowannensu da jadawalin albashin da ya hau. Dokar ilimi bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, amma akasarin kuɗin na gine-gine ne da kayan aiki da horo. Albashi ba ya ciki.

Yarjejeniyar 2008 tsakanin ƙungiyar malamai ta NUT da gwamnoni ta kawo alawus na kashi 27.5 cikin ɗari, sai dai kowace jiha ta aiwatar yadda ta ga dama. Haka aka sake yi a ranar 5 ga Oktoba 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai tare da wasu alkawura. Daga cikin alkawuran, na shekarun ritaya ne ya zama doka a 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ƙarin wa'adi ba ya sayen buhun masara.

Me ake daidaitawa?

A ganin mai wannan nazari, daidaita adadin albashin kaɗai ba zai wadatar ba. Malamin aji na kurame yana koyar da lissafi ne da maganar hannu, yana tsaye inda kowane yaro zai ga fuskarsa, domin da ya juya ga allo darasi ya katse. Malamin makafi kuwa sai ya mayar da darasin gobe zuwa rubutun Braille, ɗigo bayan ɗigo, galibi bayan an tashi. Jadawalin da ke duba takardar shaida da shekarun aiki kawai bai san da wannan ba.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a Yuli 2024 ya ɗaga ƙasan jadawali ne, bai taɓa giɓin da ke tsakanin albashi da nauyin aiki ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, yana iya ƙara yawan masu biya zuwa 774, kowa da ƙarfin aljihunsa.