Tarihin Koyar da Sana'ar Hannu a Makarantun Arewa

Koyon sana'a ya girmi makarantar boko a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. A ƙauyuka irin su Kuki, ta yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Katsina, ɗan maƙeri kan daɗe yana zuga wuta kafin a miƙa masa masaba. Gado ne, ba a cika koya wa bare ba.

Sana'a ta shiga aji a 1909, lokacin da Hans Vischer, haifaffen Suwizalan wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantu a Nassarawa ta Kano. Ɗaya daga cikinsu ta sana'a ce zalla. Gwanayen gari ne malamai, ana koyar da dukanci da ƙira da kafinta, an gwama hikimar gida da kayan aikin Turai. Sai dai daraja ta bi alƙalami. Bayan kafa Kwalejin Katsina a 1921, burin ɗan boko ya koma zama malami ko akawu, aka bar wa wanda bai ci jarrabawa ba guduma. Wannan babbar asara ce.

Haɗuwar al'adu mafi albarka ta faru ne a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, ya ɗebi samarin Hausawa da na Gwari. A 1954 maginiyar tukwane Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan faifai da gashi a tanda mai tsananin zafi, amma ba ta yar da nata ba: ta ci gaba da gina tulu da hannu, tana zana masa ƙadangare da kunama da kifi. Cardew ma ya ƙaru da ita. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Aikin hannu bai mutu a tsakanin 'yan boko ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. A Katsina, gwamnatin Ibrahim Shema ta buɗe ƙauyen koyar da matasa sana'o'i, inda ake koyon walda da ɗinki da gyaran waya.